Ranar da Aka Zana Soyayyata a Allo

Abokina na ƙuruciya a Dala, wanda muka sha satar mangwaro tare, shi ne yau malamin fiziks a jami'a. Duk wani sirrina yana cikinsa, har na 'yan matan da suka yar da ni.

Da ya gayyace ni laccarsa, sai na ja yayan yarinyar da nake nema a unguwar Abbaganaram, don ya ga ni ma ina da manyan mutane. Na kafa hular zanna, na zuba turaren da ya kusa sumar da mai keke. Aka zaunar da mu a gaba.

Mutumina ya fara. Wai in ƙwayar ƙarfe ɗaya tak ta maƙale cikin zinariya, aka yi ta sanyaya ta, sai a kai wani sanyi da lantarki zai fara wahalar wucewa. Tagulla ma haka, amma kowanne da nasa sanyin. In ka auna kowanne da ma'aunin kansa, ka zana wa kowanne layinsa, duk layukan sai su hau kan juna su zama ɗaya. Ina ta gyaɗa kai kamar ni na koya masa.

Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ba mu gane ba."

Ya dube ni ya yi murmushi.

"Ga misali a zaune. Wannan ya nemi 'yar Kanawa, aka daɗe. Ya nemi 'yar mai shagon kayan mota, ba a yi nisa ba. 'Yar garin Dusuman kuwa, ko shayi bai huce ba. Amma ku auna kowace soyayya da tsawon lokacinta." Ya ja layi. "Nan zumuɗi. Nan ya ce yana da fili a Abuja. Nan aka gano. Layi ɗaya ne!"

Dariyar da aka yi, na rantse har Chadi an ji ta.

A waje na tare shi. "Kai, amanar kenan?"

"Haba mutumina, ai ban faɗi sunanka ba."

"Ka nuna ni da alli!"

Yayan yarinyar yana gefe yana gyara hula. Ya ce, "Filin nan na Abuja, jiya ka ba mu labarinsa, ko?"

Na ce, "Yaya, bari in yi bayani."

"A'a, Malam ya yi. Na ga inda muke a layin."

Ya tare keke ya hau shi kaɗai. Abokin nawa kuwa har ya koma ciki, ɗalibai na roƙonsa ya sake zana musu.