Malam Sani da Madaciyar Shanu

Duk ranar kasuwar Karaye, kafin mahauta su gama fiɗa, Malam Sani ya riga ya tsaya a kansu da gwangwaninsa. Nama? Ina! Madaciya yake nema.

Taubashina ne, malamin kimiyya a sakandare, don haka ni ke da lasisin tsokanarsa. Na ce, "Kai, abin da kare ma ke ƙi?"

Ya ce, "Jahili! Daga madaciyar sa Turawa suka fara haɗa kotizon, maganin da ke buɗe ƙirjin mai asma."

Ba wasa ya kai shi ba. 'Yarsa Binta asma ke shaƙe ta, ƙwayoyin maganin kuma sai su yanke a kemis har a je Kano. Ya rantse sai ya haɗa da hannunsa.

Rannan ya tafasa madaciya a tukunyar miyar matarsa, ita kuwa ba ta sani ba ta yi miya a ciki. Wayyo! Baƙi daga Kafin Dafga suka yi loma ɗaya, suka ajiye hannu suna salati. Ya ce, "Ku ci mana, ilimi ne ya ɗan taɓa ta."

Wani makiyayi daga Gwangwan ya ji labari, ya zo neman kurɓin haɗin da ke cikin kwalbar Sani don ciwon gwiwa. Sani ya rungume kwalbar. "Wallahi ko akuyarka ba zan bai wa ba. Hanyar doguwa ce, ni kuwa ina bakin ƙofa." Ko Binta bai taɓa ɗanɗana mata ba.

A bakin ƙofar nan ya tsufa. Amma Binta, da ta girma tana wanke masa kwalabe, ta tafi jami'a ta karanci haɗa sinadarai. Yana kwance ciwon ajali ta zo da 'yar kwalba mai farin gari.

"Baba, ga irin naka. Mu muka haɗa a makaranta."

Ya karɓa, ya ɗaga ta yana dubawa. "Madaciyar wane sa?"

"Ai yanzu da waken suya ake farawa, Baba."

"Waken suya! Na ƙare rayuwata ina rigima da mahauta, ga shi jibge a gonakin Jajaye!"

Muka yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi, amma bai saki kwalbar ba.

Na yi kewarka, ɗan rigima. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabari kamar yadda ka so ƙirjin Binta ya yalwata. Amin.