Duwatsun Gulbi a Murhun Jego

Jama'a, yau Yaya Ige ta ceci jikana a gaban idona.

Ɗiyata Hafsatu ta zo wankan jego nan Mafara, sai na haɗa mata murhun dafa ruwa a bayan gida. Da farko na haƙa rami nesa da danga. Sannan na jera duwatsu masu sulɓi da na kwaso bakin gulbi, ƙasan madatsar ruwan Bakolori. Daga nan na hura wuta. Hafsatu ta shimfiɗa tabarma kusa, ta zauna da jariri a cinya.

Sai ga yayar tawa daga Bakura. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Sani, duwatsun ina ne waɗannan?"

"Na gulbi ne, Yaya."

Ta saki ƙunshinta, ta sure jariri, ta ja Hafsatu. "Ku matsa! Dutsen gulbi da ruwa cikinsa, in ya sha wuta fashewa yake."

Na ce, "Haba Yaya, dutse ne fa."

Ban rufe baki ba sai fau! Ɓarin dutse ya huda tabarmar, daidai inda suka tashi.

Yaya ta miƙa wa Hafsatu ɗanta, ta ɗaure zane tamau. "Kawo mini yumɓu in gina murhun, Sani. Kai ka tsaya ga faskare."