Kabarin Kakana Ɗan Reluwe

Mama ce ta jawo mini wannan wahalar. A shekarar da ta daina koyarwa a firamare, ta tashi da maganar gina kabarin babanta da siminti, a maƙabartar cocinmu. Ta ce ba za a rubuta suna tsurarsa ba kamar buhun masara, sai an sa aikin da ya yi a reluwe. Matsalar ita ce ba ta san aikin ba. Tana ƙarama ya rasu, kakata kuwa har ta bar duniya ba ta son zancen.

"Kai da kake jami'a, je ka binciko," in ji ta.

Ni fa a ɗakin gwajin ƙasar noma nake aiki a Samaru. Amma a wurin Mama, duk wanda ya wuce ƙofar jami'a da safe ya san komai.

Na yi ta sintiri Sabon Gari a kan acaɓa, wurin tsofaffin ma'aikatan reluwe, har masu shayin bakin tasha suka fara sa mini siga ba tambaya. Wani ya ce kakana direban jirgi ne. Wani ya ce mai ɗaga tuta ne. Wani ya rantse sun yi dambe, sai daga baya muka gane shi mai rantsuwar a Kafancan ya yi aikinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Daga ƙarshe aka nuna mini wani tsoho a Chikaji, wanda ya yi helman leburorin gyaran layi. Na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa. Na gaishe shi, na faɗi sunan kakana da ƙauyenmu.

"Wanne daga ciki?" ya ce.

"Baba, ai ɗaya ne."

"A wurinku. Mu biyu muka sani."

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa yana ba ni labari kamar na farashin taki. Na farkon lebura ne. Zazzaɓi ya kashe shi suna aiki a daji, hanyar Funtuwa, suka binne shi a gefen layi. In ofis ya ji, za a karɓe ɗakin bariki, ga mace da jaririya. Sai leburori suka yi abin da suka saba: suka aika ƙauye a kawo ƙanensa. Ran Litinin aka kira suna, ƙanen ya amsa, ya ɗauki diga. Haka ya yi ta amsawa har ya mutu, da sunan kuma aka binne shi.

"Jaririyar tana nan?" ya tambaye ni.

"Ita ta aiko ni."

"To, ka gaishe ta."

Na yi mako ina kewaye-kewaye, wallahi tsoro nake ji. Ran Lahadi bayan sujada na same ta tana tsince shinkafa, na faɗa mata duka a tsaye.

Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Shi ya sa yake kiran sunana gatsal, yana goya ni a wuya cikin mutane. Wane uba ne ba ya kunyar 'yar fari? Ni na ɗauka wayewar bariki ce."

Na tambaye ta me za a rubuta yanzu.

"Lebura. Ai duka biyun shi suka yi. Ɗauko babur ɗin maƙwabcinka."

Muka bi hanyar Funtuwa har inda titi ya matso kusa da layi. Ta ce in tsaya. Na ce, "Mama, ba fa wanda ya san wurin. Shi kansa tsohon ya manta."

"Na tambaye ka?"

Ta sauka, ta dubi hagu, ta dubi dama, ƙarfe ne kawai miƙe cikin gonakin dawa. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa nan inda take, ta fara cire ciyawa da hannu.