Gidanmu Yana Mataki Na Tara

Yayana mai gyaran firiji ne. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan aiki a wani shago tsakanin mai walda da mai facin taya. In ka tambayi mutanen layin, za su ce maka Injiniya, kamar yadda suke kiransa, mutum ne mai sanyin hali. Ni da muka fito ciki ɗaya na san ba sanyi ba ne, taurin kai ne wanda ba ya surutu.

A bayan shagon akwai ɗan ɗaki, da kwamfuta a kan murfin wata matacciyar firiza. Nan ya kashe shekara tara yana haɗa wasan kwamfuta shi kaɗai, duk lokacin da babu kwastoma. Wasan harbi ne, irin wanda ba ka ganin kanka, sai hannu riƙe da bindiga a ƙasan allo, kana ta gudu cikin lunguna, dodanni na fito maka ta ko'ina. Ka nemo jan makulli ka buɗe jar ƙofa, ka nemo shuɗi ka buɗe shuɗiya. Hoton kuwa gutsi-gutsi, kamar an jera fasassun tayil. Na ce masa, "Yaya, duniya ta kai inda ake ƙirga gashin girar mutum a allo, kai kana zana dodo da murabba'i goma?" Ya ce da gangan ne, haka wasannin suke muna yara, kuma akwai masu son irinsu har yau. Na ce to, Allah ya haɗa kowa da mahaukacinsa.

Sai daga baya na san abin da ya sa ya nace. Gidan da muka taso an rushe shi lokacin da aka faɗaɗa titi, bayan rasuwar Baba da Inna. Ko hoto ɗaya na cikinsa ba mu da shi. Yaya ya gina shi cikin wasan, daga abin da ya tuna, ya ajiye a mataki na tara, na ƙarshe. Wanda ya ƙetare matakai takwas, ladansa ke nan: ƙofa ta buɗe, ya shiga gida, babu dodo ko ɗaya. Kuma mutum ɗaya yake so ya shiga, ni. Mu biyu muka rage da muka san gidan.

"Ki buga, Auta," in ji shi. "Ki je ki gani ko na yi daidai."

Na gwada, wallahi na gwada. Ina shiga lungun farko wani abu mai ido ɗaya ya cinye ni. Na sake, ya sake. Sau goma sha ɗaya a zama ɗaya. Na ture madannan na ce ina da aikin yi. Na ce ya buɗe mini matakin kawai, ai shi ya gina, makullin na hannunsa. Ya ce yana iya nuna mini ta sama, kamar zanen magina, amma wannan leƙe ne. Gida ta ƙofa ake shigarsa.

Ga inda ya yi kuskure, kuma kuskuren mai haɗa wasa ne. Kullum shi ke gwada abinsa. Ya san inda kowane dodo yake laɓe, ya san su kamar maƙwabta. Sai ya ga wasan ya yi sauƙi, ya ƙara biyu a nan, uku a can. Bayan wata guda hannunsa ya saba, ya sake ƙarawa. Shekara tara ana wannan. Da ya ɗora wasan a intanet, mutum arba'in da wani abu suka sauke. Wanda ya fi kowa ƙoƙari ya mutu a mataki na uku, ya rubuta masa cewa wanda ya yi wasan nan ba ya ƙaunar mutane. Yaya ya karanta, ya ce 'yan yanzu ragwaye ne. Matarsa ta ce mini ranar bai ci abincin kirki ba.

Na gaji da shi, gaskiya. Na gaji da zuwa gaishe shi in tarar da ƙeyarsa. Na gaji da "kin gwada kuwa?" a duk waya. Har na daina biyowa ta shagon, kusan shekara guda.

A cikin shekarar ce hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sukurudireba ke zamewa, daga baya kofin shayi ma sai da hannu biyu. Likita ya ce jijiya ce, ya ba da magani, ya ce a yi haƙuri. Matarsa ce ta kira ni wata Asabar da rana.

"Ki zo ki ga yayanki," ta ce. "Tun safe yake mataki na biyu."

Na same shi zaune, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, fanka na juyawa a banza. Ya nufi dodo, bindigar ta karkace, harbin ya tafi bango. Allon ya yi ja. Ya sake. Mutumin da ya ajiye kowane dodo da hannunsa, yau su suka tare masa hanyar gida. Na tsaya a bakin ƙofa, tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

"Wata nawa rabonka da shiga gidan?" na tambaye shi.

"Bakwai."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya buɗe inda yake gina wasan, ya fara danna dodannin yana goge su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsan hagu. Bai yi sauri ba. Wani sai ya tsaya a kansa ya ce, "Wannan sati biyu na yi ina zana shi," sannan ya goge. Har mai walda ya rufe shago muna nan.

Da ya gama ya tashi ya ba ni kujerar. Na bi lunguna babu kowa, sai ƙarar takuna. Yana tsaye a bayana yana cewa hagu, dama, ga makullin can bayan ganga. Mataki takwas, kamar mai ratsa kasuwa bayan an tashi.

Sai ga koriyar ƙofarmu, har da lotsawar da keken Baba ya yi mata. Ta buɗe. Famfon tsakar gida yana ɗiga cikin bokiti, ya sa masa sautin ma. Igiyar shanya. Jikin ƙyauren kicin ga zanen fensir inda Baba ke auna tsayinmu, nawa a ƙasa, na Yaya a sama. Gutsi-gutsi ne duka, amma gidanmu ne. Ta labulen ɗakin Inna ina hango keken ɗinkinta.

Na matsa har bakin ɗakin na tsaya. Bindigar tana nan a ƙasan allo, bakinta na kallon labulen.

"Shiga mana," in ji Yaya.

"Ya ake ajiye abin nan? Ba zan shiga wa Inna ɗaki da bindiga ba."

Shekara tara, ya yi madannin gudu, na tsalle, na sauya makami, bai taɓa yin na ajiyewa ba.

"Ban yi ba," ya ce a hankali. "Matsa in gani."

Ya jawo wani bokitin fenti ya zauna kusa da ni, ya dafe hannunsa na dama da gwiwarsa don ya bar rawa, ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Na ce masa kada ya yi sauri, zan jira a tsakar gida.