Tamaula Baƙuwa Ce

Jiya na ga jikana ya tare tamaula da cikin ƙafarsa, ta kwanta shiru a gabansa, sai kawuna ya faɗo mini a rai.

Baduku ne a Yakasai, shi ke ɗinke mana tamaular unguwa, wadda ita kaɗai gare mu. Ina aji uku lokacin, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Tsoron kuskure ya sa da ta nufo ni sai in sa mata ƙafa a sandare, ta yi tsalle ta faɗa kududdufi. Sau biyu ana tsamo ta sharkaf, yara suka ce in na ƙara sun kore ni.

Na kai masa ita, na gaya masa abin da ya faru. Zaurensa na warin fata da bagaruwa. Ya jujjuya ta, ya dube ni.

"Kai, sarkin fargaba! In baƙuwa ta yi sallama, bangazar ta kake yi? Ja da baya ake yi, a ba ta wuri."

Ya ajiye basilla, ya tattare riga, ya yi ta jefo mini ita a lungu har aka kira la'asar. Da na koyi janye ƙafa kaɗan, sai na ji danshin fatar ya lafa a ƙafata. Ba a kore ni ba.

Abin da ke damuna har yau, na kasa tuna ko na yi masa godiya. Allah Ya karɓe shi da irin taushin nan, Ya ba shi wuri.