Bukin da Ake Faɗa Sau Ɗaya

Na sauka Greensboro ta Amurka a shekarar dubu biyu da uku, lokacin ɗiyata na ɗauke da cikinta na uku. Ita tana kitso a wani shago, mijinta yana tuƙa taksi, ni kuma aka bar ni da gida da yara biyu da taga. Gidan a Glenwood yake, ɗan ƙaramin gidan katako na haya, tsakaninmu da maƙwabta ba katanga sai shingen waya wanda ko akuya za ta raina. Ban shiga lakwal na yi boko ba, Turancinsu kuma har yau iyakata gaisuwa, amma kafin wata ya ƙare na san mai fitar da shara kan lokaci, na san ɗalibar da ke shigo da saurayi ta ƙofar baya.

A hannun damarmu wani tsohon Bature ne shi kaɗai. Dogo ne, girarsa kamar tsintsiya, fuskarsa irin wadda in ka gamu da ita a lungu sai ka matse jakarka. Da sassafe yake fita, ya dawo da yamma yana warin ɗanyar ciyawa. Surukina ya ce yankan ciyawa yake a Sedgefield, a filin da masu hali ke bugun 'yar farar ƙwallo da sanda. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, in ya dawo sai ya tsaya bayan gida yana yi wa itace faɗa da wani yare. Ran nan ina kallo ya dafe ƙirji ya zube cikin busassun ganye, ya jima, sannan ya tashi ya kakkaɓe wando ya shiga ciki. Na hana yara zuwa kusa da shingen.

Ɗiyata ba ta iya riƙe abu a ciki. Ta je ta tambaye shi, ta dawo tana dariya.

"Inna, lafiyarsa ƙalau. Mutumin ƙasar Sabiya ne, can Turai, a ƙasarsu wasan silima yake yi. Ya ce yana motsa jiki ne kada sana'ar ta kwanta."

"Wato ɗan kama ne."

"Ba ɗan kama ba, Inna. Babban ɗan wasa."

"Mutumin da ke faɗuwa don a kalle shi, ni ɗan kama na san sunansa."

Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu.

Ban yarda da mai cin abinci da kwaikwayo ba, amma ina ba mutum haƙƙinsa. Da ganye ya zuba, ya share gabansa ya zarce da namu. Da na'urar ɗumama ɗaki ta tsaya, shi ya gyara. Na aika masa ƙosai a kwanona mai furanni, kwanon ya dawo da wata alawa mai gyaɗa a ciki. Sai na ce ashe an yi masa tarbiyya, don kwano ba ya komawa wayam. Daga nan kwanon ya riƙa tsallake shinge, sati a wajena, sati a wajensa.

Cikin Disamba, sanyi ya kama, ya zo ƙofarmu da kwat, hula a hannu. Ya yi dogon bayani, ɗiyata na mayar mini da Hausa. A wajensu kowane gida yana da ranar bukinsa sau ɗaya a shekara, gado ne daga uba zuwa ɗa, kuma yana gayyatarmu. Surukina ya ce mu bari su gama ibadarsu mu shiga, tunda ba addininsa za mu yi ba, haƙƙin maƙwabci za mu sauke.

Mun tarar da dogon kyandir yana ci, ga wani burodi zagayayye an yi masa ado, ga dafaffiyar alkama da sukari. Iyali biyu na 'yan ƙasarsu suna zaune. Mu kuma an ware mana gefe guda, da naman rago da ya saya a shagon da mu Musulmi ke saye, a sabuwar tukunya. Na ɗaga tukunyar na duba gindinta, sabuwa ce. Abin da ya fi burge ni, bai zauna ba. Mai gida a wannan rana ba ya zama, yana tsaye yana hidima har baƙo na ƙarshe ya fita. Na ce da surukina ya kalla da kyau.

Da aka kawo kafe, gahawa mai kauri, a 'yan ƙananan kofuna, sai ya fito da kaset-kaset na bidiyo. Nan na ji tarihinsa. Ɗan manomi ne, a ƙauyen da ake noman wasu 'ya'yan itace masu kama da ɗinya. Masu wasa suka zo ƙauyen, ya bi su ya bar uban da fartanya. A babban birninsu ya fara da ɗaukar akwatuna, har wani mai shirya fim ya kalli girar nan ya ce ya samu mugu. Tun daga ranar bai ƙara zama mutumin kirki ba. Shi ne sojan abokan gaba, shi ne ɗan sandan da ke cin zali, shi ne mai gidan haya. Yara a titi suna ganinsa su gudu, mahauci kuma ya ƙara masa nama don tsoro. Sau ɗaya aka sa shi ya fito a mai gasa burodi, ya ce shi ne kaɗai fim ɗin da ya kai ƙarshensa da rai. Da ƙasar ta wargaje da yaƙi na gaske, aikin ya tsaya, matarsa ta rasu, ba su haihu ba, ya shigo cikin 'yan gudun hijira aka kawo shi nan.

Yana tsaye gefen talabijin yana nuna kansa da yatsa. Aka harbe shi a kan gada. Aka harbe shi cikin dusar ƙanƙara. A wani kuma ya sha harsashi ya ja jiki ya jingina da bango, ya yi ta magana.

Na ce da ɗiyata, "Faɗa masa ba haka ake mutuwa ba. Na zauna kan masu jinya da yawa a Maraɗi, ban ga wanda ya samu sararin wannan surutu ba."

Ya yi dariya har da share ido. "Hajiya," in ji shi, "in na yi shiru, wa zai tuna ina cikin fim ɗin?"

Da muka tashi tafiya ya raka mu bakin ƙofa, dariyar ta kau. Ya ce mahaifinsa ko cikin yaƙi bai bar kyandir ɗin nan ba, amma buki ba ya yiwuwa da kujeru kawai. Shi kam ranar da ya kunna ya ga ba mai ci, ya daina ke nan.

A watan Maris ɗiyata ta sauka, mace. Na tura surukina da goro da dabino ya faɗa wa maƙwabci ranar suna. Ya zo da kwat ɗinsa ya zauna cikin maza 'yan Nijar, ya ci shinkafa da hannu yana zubarwa a karabat ɗin da ya ɗaura a wuya, ya kwaikwayi tafiyar kowa har malamin da ya yi addu'a ya ƙyalƙyale.

Shekara ta zagayo. Tun farkon Disamba na sa aka goge mini leshina. Surukina ya ce ya gan shi a shagon nama yana sayen cinyar rago. Na ce to, yau ko gobe zai zo ya faɗa. Bai zo ba. Kullum ya ɗaga mini hannu ta shinge, ya wuce abinsa.

Ranar ta zo. Ƙamshin rago ya cika unguwa. Na yi wanka, na ɗaura leshi, na yafa gyale, na zauna bakin taga. Ɗayan iyalan nan biyu sun riga sun koma Chicago, don haka mota ɗaya ce ta tsaya a ƙofarsa, ita ma ba ta jima ba.

"Inna, mu je mana," in ji ɗiyata.

"An faɗa mana?"

"Ai bara an faɗa."

"Bara ta tafi da bukinta. Ko 'yar'uwata ciki ɗaya, in za ta yi buki sai ta aiko mini da goro. Ni ba a haife ni in bi ƙamshi ba."

Ta tagar kicin ɗinsa ina hango kujerunmu a jere, shi kuma a tsaye. Wajen magariba na ga yana kwashe su ɗai-ɗai. Na cire gyale na ninke.

Daga ranar ya daina ɗaga hannu. In mun haɗa ido sai ya saka mini fuskar nan ta sojan abokan gaba, ni ma ina da tawa, ba a fim na koya ba. Kwanona mai furanni ya maƙale a gidansa. Da ƙanƙara ta zuba, ya share hanyarsa daidai bakin shinge ya tsaya, kamar an ja masa layi. Haka muka ci sanyin nan duka.

Wata safiya a Maris, da hantsi, ina ɗumama tuwon jiya, ɗiyata ba ta fita shago ba, aka buga ƙofa. Ta buɗe. Ga Ɗan Kama da kwat da karabat, furanni a hannu ɗaya, kwanona a ɗaya, fuska a murtuke. Ya yi magana yana kallon saman kaina.

"Ya ce ya zo buki."

"Bukin wa?"

"Na jaririya. Wai yau shekara guda daidai."

"Tambaye shi, a garinsu sau nawa ake raɗa wa yaro suna?"

Ta tambaye shi. Ya gyara tsayuwa.

"Ya ce bara an gayyace shi. A wajensu in an gayyace ka bukin gida sau ɗaya, an gayyace ka ke nan har mutuwa, duk shekara da kanka za ka tuna ka zo. Ya ce shi ba ya cikin mutanen da ke cin ragon mutum sau ɗaya su koma taga su zauna."

"Ni yake nufi?"

"Ya ce ya gan ki. Har da gyalenki mai ruwan goro."

"To tunda ya gan ni da gyale, me ya hana shi tsallako shinge ya faɗa mini? Ƙafa ce ba shi da ita, ko baki? Bakin dai na san akwai."

Wannan karon sai ya dube ni sosai. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce a wajensu sake gayyatar mutum cin fuska ne. Kamar ka ce masa har yanzu kai baƙo ne."

"A wajenmu kuma zuwa ba a faɗa maka ba, aikin mayunwata ne."

Ɗiyata ta mayar masa. Ya kalli furannin, ya kalli kwat ɗinsa, ya leƙa falo ya ga ba kowa sai yarinya na rarrafe da cokali a baki.

"Ya ce to shi yau mene ne?"

"Mayunwaci. Ce masa ya shigo, akwai ɗumame."

Sai ya miƙa wa ɗiyata kwano da furanni, ya dafe ƙirji, ya silale jikin ƙyaure har ƙasa, yana ta wasiyya da yarensu, ido ɗaya a kaina.

"Har yanzu surutun ya yi yawa," na ce. Na juya wajen tukunya don kada ya ga bakina.

Ya ci ɗumame da miyar kuka, yana yabawa da ƙarya irin ta masu sana'arsa. Cikin ci ne ya ce ya riga ya naɗe mazaunin kyandir ɗin mahaifinsa, zai aika wa wani ɗan ɗan'uwansa can gida, don shi ya gama. Na ce ya kwance shi. Ragon da ya saya bai yi laifin komai ba, mu ma muna nan ba inda za mu. Amma sharaɗi ɗaya, duk shekara ya zo ya faɗa mini.

"Ya ce da mahaifinsa zai ji yana gayyatar mutum sau biyu, da ya tsine masa."

"Mahaifinsa bai yi maƙwabtaka da 'yar Maraɗi ba."

Ni ma ban tsira ba. Ya ce ranar yarinya dai ya riga ya riƙe ta, ko an faɗa ko ba a faɗa ba yana tafe. Dole duk Maris na riƙa ɗora shinkafa da kaza, don ba zan sake barin baƙo mai karabat ya tarar da tuwon jiya ba. Yarinyar ta taso tana zaton kowa ana yi masa suna duk shekara.

Daga baya 'yan jami'ar da ke haya a layinmu suka gano ko shi wane ne, suka sa shi a wani fim nasu na makaranta. Ya ce kakan wani ya fito, suka kuma kashe shi tun kafin tsakiya. Su ma ya gayyace su, sau ɗaya, suka riƙa cika masa kujeru suna cinye alkamar.

Amma Disambar farko bayan sulhunmu ita nake tunawa. Saura sati guda ya buga ƙofa, hula a hannu, da ƙullin goro da ya nemo a shagon 'yan Afirka. Ya tsaya kan matakala ya yi shela kamar mai roƙo a gidan buki, ya faɗi rana, ya faɗi rago, ya faɗi tukunya. Na san ranar sarai, leshina ma a goge yake. Na bar shi ya kai ƙarshe. Na kwance ƙullin, goron duk ya yi yaushi, an cuce shi a shagon.

Na ɓare ɗaya na sa a baki. "Ce masa na ji. Allah ya kai mu."