Takardar da Na Dangwala Cikin Takaba

Ni na tara matan da suka kafa ƙungiyar masu bandar kifi a bakin ruwanmu na Yelwa, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Mu tara muka fara, a rumfar kara, hayaƙi na cin idanunmu. Shekara goma sha ɗaya ina shugaba, mabuɗin ɗakin banda na ɗaure a gefen zanena. Mataimakiyata kuwa aminiyata ce tun muna 'yan mata, Yaya take ce mini.

Da maigidana ya rasu na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ranar sadakar bakwai aminiyar tawa ta zo da hantsi, ta zauna bakin tabarmata, ta fito da takarda da kwalin tawada.

"Yaya, aiki ya tsaya," in ji ta. "Masuntan Wara sun ce tarwaɗarsu ba za su sauke wa ƙungiyar da ba shugaba ba. Ki ajiye muƙamin a rubuce in riƙe miki. Ranar da kika fita, kayanki ne."

Wallahi a ranar ko takardar sayar da gidana aka miƙo mini zan dangwala. Na dangwala, na kwance mabuɗin na ba ta, har da sa mata albarka.

Na fita takaba ranar Talata, Alhamis na tafi taron kwamiti da sabon zane. Na nufi bencin gaba, sai sakatariya, yarinyar da ni na koya mata juya kifi a kan raga, ta miƙe tana sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri, doka ta ce a karanta miki."

Ta karanta. Wadda ta yi murabus ba ta zama a kwamiti, ba ta da ƙuri'a a cikinsa, ba ta sake tsayawa takara sai bayan zaɓe biyu. Zaɓe biyu shekara shida ke nan. Ni da gwiwa ta fara ba ni labari.

Na ce, "To, dokar takaba fa? An goge ta?"

"Tana nan, Inna. Mai takaba hutu take nema, kujerarta na jiranta. Amma taki takardar murabus ce."

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Dokar hutun nan ni na kawo ta, na yi ta faɗa da matan nan har sai da suka amince, shekarar da kwalekwalen mijin aminiyata ya kife ya bar ta da goyo. Wata huɗu da kwana goma ina aikina ina nata, ban bari kowa ta zauna a gurbinta ba. Duk ƙungiyar babu wadda ta kai ta sanin dokar.

Na dubi aminiyar tawa. Tana zaune a inda nake zama, tana gyara ɗankwali.

"Yaya, ni ma doka ce ta ɗaure ni," ta ce. "Da so samu ne..."

Ban yi kuka ba, ban ba ta wannan daɗin ba. Amma ta ci amanata, kuma har gobe abin na ci mini rai.

Ina banda har yanzu, sana'ata ke nan. Kullum da asuba nakan tsaya bakin ɗakin da kwandon kifina a ka, tare da sauran mata, sai ta iso ta buɗe mana.